Bai Iso Ba Tukuna

Juma'a, bayan isha'i

Auta bai kira ba. Shekara uku ke nan yana aikin inji a jirgin ruwa na dakon kaya, kuma duk Juma'a bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara, in miƙa wa Inna. Yau tun kafin a kira salla ta sa na fitar mata da kujerarta tsakar gida, ta ɗora wayar a cinya ta dafe da hannu biyu. Har magariba ta yi. Na ce wataƙila babu sabis a inda suke. Ta ce, "Ai kuwa, wa zai kafa musu ƙarfen waya a kan ruwa."

Ba muryarsa kaɗai take jira ba. Satin da ya wuce ya ce mata taurarin teku kamar an kifar da buhun gishiri a sama, amma duk da haka duhu har ba ka ganin tafin hannunka. Inna ta ce ƙarya yake yi, in fitilu suka yi yawa haka ai gari ya waye ke nan. Ya rantse. Ta ce to me ya sa? Ya ce zai tambayo mata matuƙin jirgin, ya kawo amsa Juma'a. Tun da idonta ya raunana, haske da duhu kaɗai take bambancewa, ina jin shi ya sa maganar ta zauna mata.

Lahadi, da hantsi

Yaya ya zo. Bai shiga ɗakin Inna ba, a bakin ƙofa ya tsaya ya kira ni. Mutanen kamfanin jirgin sun kira shi jiya. Jirgin ya daina amsawa tun Laraba. Ana nema. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Ya ce kada Inna ta ji. Ya tuna min maganar likita bara, cewa zuciyarta ba za ta ɗauki firgita ba. Ya ce, "In ta tambaye ki, ki ce ya kira tana barci."

Na ce, "Yaya, ban taɓa yi mata ƙarya ba."

"To yau sai ki fara. Ke da tsoron zunubin nan naki, ko kaza za ki kora sai kin nemi gafararta."

Ya yi nufin in yi dariya. Shi ma bai yi ba. Ya shiga ya gaishe ta, na ji yana ba ta labarin tsadar taya.

Litinin, bayan asuba

Allah Ka san inda yake. Ni ban sani ba.

Talata, bayan la'asar

Na je aiki. Yara ɗari huɗu na makarantar kwana ba za su fasa cin abinci ba don ƙanin mai girki. Tukwane uku ne a kan murhu, tawa ta tsakiya, mai kunne ɗaya a lanƙwashe. Na zuba wa wake gishiri sau biyu. Ludayi ce ta kama hannuna a na uku. Shekara tara muna girki tare, doguwa ce siririya mai babban kai, ita ta fara kiran kanta haka kafin wani ya riga ta.

Ta ce, "Malama, yaran nan wake suka ce a ba su, ba ruwan teku ba."

Kalmar ce ta karya ni. Na zauna a kan buhun shinkafa na gaya mata. Ta ƙara ruwa a tukunyar, ta yanka dankali ta jefa don ya shanye gishirin, ta tsaya ta tare ni daga idon masu wucewa har na gama.

A gida Inna ta ce, "Uwata, ya kira?" Haka take kirana, sunan mahaifiyarta gare ni. Na ce bai kira ba. Wannan gaskiya ce. Sai ta ce, "Amma dai lafiya yake ko?" Na ce bari in duba ruwan da na ɗora. Na ɗora ruwa kuwa, amma bai ko fara ɗumi ba.

Laraba, bayan isha'i

An ɗauke wuta. Na fito shanya na ɗaga kai. Ban taɓa kallon taurari don in yi tambaya ba, tasbihi kawai nake yi in wuce. Yau na tsaya. Suna da yawa ƙwarai, kuma tsakanin kowanne da ɗan uwansa baƙi ne wuluk. Yaron yana da gaskiya.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Malamin kimiyya ya shigo kicin neman ruwan zafi, kamar kullum, da kofinsa mai tsagaggen baki. Yaro ne, bai fi Auta ba. Ban san yadda aka yi na tambaye shi ba. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambayar jahila." Na faɗa masa tambayar taurarin yadda Inna ta faɗa.

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Mama, wa ya ce tambayar jahila ce? Masana sun yi ɗaruruwan shekaru tana hana su barci."

Ludayi ta ce, "Ka ji, ashe rashin aikin yi ba yau ya fara ba."

Ya ɗauko baƙin farantin da muke tsince shinkafa, ya barbaɗa gishiri kaɗan. Ya ce in na ci gaba da barbaɗawa ba iyaka, baƙi zai rage? Na ce a'a, zai koma fari fat. Ya ce to haka sama ya kamata ta zama in taurari ba su da iyaka kuma tun fil azal suke ci: duk inda ka kalla idonka ya faɗa kan tauraro, dare ya zama kamar tsakar rana. Na ce ko wani abu ne ya tare su, kamar hayaƙi? Ya nuna murhu ya ce duk abin da ya daɗe yana tare wuta, ƙarshensa shi ma ya yi ja ya haska, in duba gindin tukunyata.

"To mene ne?"

Ya ce haske tafiya yake yi. Yana da sauri fiye da komai, amma tafiya ce, tana cin lokaci. Kuma halitta tana da farko, ba tun fil azal take ba. Na ce wannan kam tun ina riƙe da allo na sani. Ya yi murmushi ya ce to shi ke nan, na san rabin amsar. Taurarin da suka fi nisa, tun da aka fara, haskensu yana hanya. Ya ce, "Baƙin da kike gani, ba wai babu komai a wurin ba ne, Mama. Hasken ne bai iso ba tukuna."

Na maimaita a zuci har gida. Bai iso ba tukuna.

Juma'a, bayan isha'i

Malaminmu na allo, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa gaya mana akwai magana mai fuska biyu da aka yi wa mutum rangwame a kanta in larura ta matsa, amma ya ce kada ta zama sana'a. Yau na nemi wannan rangwamen. Da la'asar ta wuce wayar ba ta yi ƙara ba, Inna ta juyo wajena, na ce, "Inna, saƙonsa bai iso ba tukuna." Na auna kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙarya a ciki. Ana nema, ai.

Da a nan na tsaya, da na yi barci.

Bayan magariba na ga ta yi shiru ta ƙi abinci, sai na ce bari in ɗebe mata kewa. Na ce, "Inna, kin tuna tambayarki ta taurari? Na samo amsa." Na ba ta labarin farantin da gishirin, da haske mai tafiya. Ta miƙe zaune. Fuskarta ta buɗe yadda ban gani ba tun kwana bakwai.

Ta ce, "Ashe ya tambayo! Ɗan albarka. Rubutowa ya yi ta wayarki ko? Ke kuma kika bar ni ina ta zaman jira."

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai ta ce in miƙo mata kwanon abincin, ta cinye tas, ta nemi ƙari.

Ban ce shi ya aiko ba.

Asabar, da rana

Yaya ya zo ya tarar da ita tana ba maƙwabciya labarin haske mai tafiya, wai ɗanta na cikin jirgi ne ya aiko. Da zai tafi ya ce min a bakin ƙofa, "Ashe kin iya. Malama ta fi mu duka." Ya dafa kafaɗata. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Na ce ban ce mata shi ya aiko ba. Ya ce, "Ai shi ne gwanintar."

Lahadi, bayan asuba

Ban ce shi ya aiko ba.

Litinin, bayan asuba

Na buɗe Alƙur'ani inda na tsaya, na yi shafi biyu ban san me na karanta ba, na koma baya. Sau uku. Shekara talatin ina gyara wa mata karatu, in ce wasali ɗaya yana juya ma'ana. Ni ban canza ko wasali ba, shiru kawai na yi a inda bai kamata a tsaya ba, ma'anar ta juye gaba ɗaya.

Amma ta yi barci jiya har da minshari. Wannan ma ina rubutawa, don kada in zalunci Yaya.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba. Yaya ya kira da sassafe. An ga wasu abubuwa a kan ruwa. Ya lissafa su. An daina nema.

Na wanke zannuwan gadon Inna, na wanke labule, na wanke wanda na wanke jiya. Ta ce, "Yau wankin me ake yi haka, baƙi za mu yi?" Na ce ƙura ce ta yi yawa. Akwai ƙurar.

Alhamis, bayan la'asar

Ludayi ta ce in na ƙara ramewa za a rasa wace ce ludayin a cikinmu. Ta tura min kwano ta tsaya a kaina sai da na ci. Na tambaye ta, da ita ce ya za ta yi? Ta ce ita da tuni ta shirya wa tsohuwa wasiƙa shafi huɗu har da gaisuwar matuƙin jirgi. "Ni ƙarya ba ta min nauyi, Malama, na saba ɗauka. Ke kuwa ko cokalin makaranta kika tafi da shi gida cikin mantuwa sai kin dawo da shi a daren." Ta juya tukunyarta, can ta ce, "Amma uwa ce fa. Wata rana za ta tambayi ranar da ya tafi, ta ƙirga."

Juma'a, bayan isha'i

Juma'a ta uku. Yau ba ta riƙe wayar ba, ta ce tun da rubutowa yake yi, in rubuta masa. Ta ba ni saƙo. Wai in ce masa ta gode, ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda iskar ruwa, kuma tana da saura: in hasken yana hanya, ranar da duk ya iso fa? Dare zai ƙare ke nan? Ta yi dariya ta ce in haka ne ya gaya musu su yi sauri, ko ita ma ta samu ta gani.

Na riƙe wayar ina danna babu komai. Ta ce, "Kin tura?" Na ce, "Na ji saƙon, Inna."

Malaminmu na allo ya ce kada ta zama sana'a.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa malamin kimiyya tambayar. Ban gaya masa ta wace ce ba, ban gaya masa komai ba. Ya ji daɗi, ya ce mai wannan tambayar ya kamata a ba ta aji.

Ya ce a'a, dare ba zai ƙare ba. Rannan rabin amsar ya ba ni. Sama ba a tsaye take ba, faɗaɗa take yi, kuma na nesa sun fi saurin yin nisa. Ya ɗauko igiyar roba da muke ɗaure bakin buhu, ya ja ta, ya ce haka hasken yake miƙewa a hanya har ya koma wanda ido ba ya gani, sai na'ura. Ya ce wasu kuma sun yi nisan da hanyar take ƙaruwa fiye da yadda hasken yake cinye ta.

Na ce, "To su yaushe nasu zai iso?"

Ya ce, "Ba zai iso ba."

"Ko an daɗe?"

"Ko an daɗe. Waɗancan babu tukuna a kansu, Mama. Suna nan, amma mu da su sai dai haka."

Ya cika kofinsa ya fita yana fito. Ludayi ta bi bayansa da harara ta ce Allah Ya shirya masu ilimi. Na ce ba laifinsa ba ne, abin da na tambaya ya amsa.

Tun Laraba kalmar nan ta daina zama gaskiya a bakina, na sani. Yau ne dai aka faɗa min a fili.

Talata, bayan magariba

Na je wajen Yaya a shagonsa. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na ce ina so mu gaya mata. Na ce tana da haƙƙin ta yi wa ɗanta addu'ar da ta dace da shi, ba ta riƙa aika masa ya rufe ƙirji ba.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idonsa ja, ya ce man inji ne. Ya ce, "Na rasa ƙani. Kina so in rasa uwa a wata ɗaya? Don ke ki samu ki yi barci?"

Na ce ba don barcina ba ne. Ya ce, "Ki duba dai."

Ya ce in na faɗa mata wani abu ya same ta, a wuyana, kuma kada in ƙara kiransa Yaya.

Laraba, bayan asuba

Na duba. Akwai barcina a ciki. Ba shi kaɗai ba ne, amma yana ciki.

Alhamis, bayan isha'i

Ta tambaya ko ya amsa. Na ce gobe za mu yi magana, in sha Allahu. Na duba maganinta, akwai. Na sa lambar likita a saman waya. Na yi istihara.

Juma'a, bayan isha'i

Na yi.

Da la'asar na fitar da kujerarta, na ba ta maganinta, na zauna a ƙasa na riƙe ƙafarta. Na ce, "Inna, amsar taurarin nan ba Auta ya aiko ba. Wani malami ne a wajen aikinmu. Kin zaci shi ne na yi shiru. Ki yafe min." Ta ce, "To shi fa?" Na faɗa mata. Daga Larabar farko har zuwa ranar da aka daina nema. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ta yi salati a hankali. Hannunta ya yi sanyi a kaina. Ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina ƙirgawa. Ta tambayi ranar, na faɗa, ta lissafa da yatsu. Ta ce, "Kwana ashirin da uku yaro yana cikin ruwa, uwarsa tana neman ƙarin abinci." Daga nan ta yi kuka, irin na tsofaffi, mara sauti. Na bar ta. Da aka kira magariba ta ce in kawo buta. Ta yi salla a zaune ta daɗe, na ji sunansa.

Bayan ta shafa ta ce, "Yayanki ne ya hana?"

Na yi shiru, sai na tuna abin da shiru ya jawo, na ce, "Shi ne. Tsoro yake ji."

"Me ya ce zai yi miki?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "To kada ki gaya masa na sani. Tun yana yaro in ya fasa abu sai ya yi kwana uku yana zagaya ni kafin ya faɗa. Ki bar shi ya zo da ƙafarsa. In ya ji kin riga shi, zai riƙe ki har kabari, ni kuma biyu suka rage min."

Na ce, "Inna, in ya tambaye ni fa?"

"Ki ce ya tambaye ni. Wannan shirun ni zan ɗauka, Uwata. Ke ba ki da wuyansa."

Ta ci loma uku. Yanzu tana kwance, ba barci take ba. Numfashinta daidai.

Asabar, da hantsi

Yaya ya zo da lemo a leda. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, da murya mai ƙarfi fiye da kima, "Inna, Auta yana gaishe ki."

Ta ce, "Ina amsawa."

Ta laluba ta sami kansa, ta bar hannunta a wurin. Ya fara labarin wata mota da ta ƙi tashi, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ɗauki ledar na shiga kicin. Daga can na ji ta ce, "Matso kusa, babban ɗa. Zauna sosai. Ba sauri nake ba."